Mujgan Abla da Mutanen Talabijin

Shekara ashirin da wani abu muna gini ɗaya da Mujgan a unguwar Kurtulush ta Istanbul. Ni da maigidana Nejdet muna ƙasa, muna da ɗan gidan abinci, wake da shinkafa da miya da shayi. Ita tana sama da kekunan ɗinkinta biyu, ɗaya na wuta, ɗaya na ƙafa da ta ƙi rabuwa da shi. Kowa a layin Abla yake ce mata, wato yaya, har mai gidan burodi da ya girme ta. Kayan amare take ɗinkawa, musamman jar rigar nan mai aikin zaren gwal da amarya ke sawa ranar lalle.

Babu wanda bai san namiji aka haife ta ba. Ba ta ɓoye ba, ba ta kuma yi tallar abin ba. Labarinta a gutsure na ji shi, yawanci idan ta sauko tana taya ni tsintar wake. A wani ƙauye kusa da Tokat aka haife ta, uban manomin taba ne, ita ce auta, sunan da aka raɗa mata Tahsin. Tana shekara goma sha bakwai ta bar gida bayan wani duka da yayanta ya yi mata, ta shigo Istanbul ta fara waƙa a gidajen rawa. Ba ta jima tana waƙar ba sojoji suka karɓi mulki, aka hana irinsu hawa dandali. 'Yan sanda suka kama su, aka aske musu kai, aka zuba su a jirgin ƙasa aka fitar da su daga gari. Ta dawo da ɗankwali a kai, wata tsohuwa 'yar Armeniya mai suna Madam Araksi ta ɗauke ta tana koya mata ɗinki. Daga baya aka yi mata aiki, kotu ta ba ta katin shaida na mata. Tun daga nan ba ta sake waƙa a gaban mutane ba.

Ni ba malama ba ce, kuma abin da ke tsakaninta da Ubangijinta ba ni aka ba wa ajiyarsa ba. Abin da na sani, tare muke buɗa baki da azumi, kuma lokacin da Nejdet ya kwanta asibiti ita ta riƙe min tukunya har ya warke. Na kuma san tana da baki. Ba ta taɓa cin miyata ba tare da ta ce gishiri ya yi yawa ko ya yi kaɗan ba. Amare kuwa tsoronta suke ji. Yarinya za ta zo awo tana sunkuyar da kai don kunya, kafaɗu a zube, sai Mujgan ta cire allurai daga bakinta ta ce, “Miƙe, 'yar nan, ba gawa nake aunawa ba.” Sai amarya ta fashe da dariya ta miƙe. Ta faɗi maganar nan ya fi sau dubu, ba wanda ya ɗauke ta wani abu.

Wata shekara wata budurwa mai suna Defne ta rako ƙanwarta awo. Aka gama biki ba ta daina zuwa ba. Takan zo da alewa, ta zauna gefen keke tana jan Mujgan da hira, komai aka faɗa ta yi dariya. Mujgan ta ɗauka ɗinki take son koya, har ta fara nuna mata yadda ake kama bakin riga. Sai yarinyar ta ɗauke ƙafa.

Bayan kusan shekara ɗaya wata tasha ta fara nuna sabon wasan kwaikwayo. Muna da talabijin a bangon gidan abincin, saboda Nejdet ba ya iya yanka albasa sai ana surutu a kansa. A wasan akwai wata tela wai ita Madam Papatya. Wani ƙaton ɗan barkwanci ne aka sa masa gashin kanti ruwan ɗorawa da gashin ido kamar tsintsiya, yana rangwaɗa yana bin angwaye da ido. Amarya ta shigo awo, ya ɗaga murya ya ce ta miƙe, ba gawa yake aunawa ba. Sunan Defne ya fito a cikin marubutan.

Mujgan tana zaune a teburinta na kusa da ƙofa. Kowa ya juya yana kallonta. Ta ci gaba da cin abincinta, can ta ce ita dai ba ta taɓa bin ango da ido ba, angwayen unguwar nan ko kyauta aka ba ta sai ta nemi inda za ta ajiye su. Aka yi dariya, na ɗauka magana ta ƙare.

Kafin wata uku maganar ta cika ƙasar. Direban bas yana faɗa wa fasinja, malamin makaranta yana faɗa wa ɗalibai, masu kallon ƙwallo suna rera wa 'yan wasansu idan sun yi sanyi. Aka buga ta a riguna. Wani kamfanin katifa ma ya sa ta a talla. Babu wanda ya hau matakalar nan ya ce wa Mujgan sannu. Ni abin ya fi ci wa rai. Na ce ta kai ƙara, ta ce me za ta ce wa alƙali, an sace mata tsawa?

Sai kakar zaɓe ta kama. Wani ɗan takara ya tsaya a gaban taro ya ce wa jama'a su miƙe, ba gawa ake aunawa ba, fili ya ɗauki tafi. A makon nan dai mutanen jam'iyyarsa suka fara cewa masu sauya jinsi sun mamaye talabijin, sun lalata bakin yara, iyali na cikin haɗari. Abokan hamayyarsu suka ce ai mutanen nan su ne fitilar 'yanci, su ne gishirin al'adar ƙasa. Kullum idan na ɗaga kai daga tukunya sai in ga maza biyar da ɗaurin wuya sun kewaye tebur suna musu a kan masu sauya jinsi, babu ko ɗaya daga cikin waɗanda ake maganar a kansu. Wani farfesa mai furfura ya ce ya yi bincike, a yau waɗannan mutane su ke riƙe da ragamar al'adun ƙasar nan, su ke yanke abin da za a sa da abin da za a faɗa.

Mujgan ta ajiye cokali ta kalle ni. “Perihan, ashe ni ke riƙe da ƙasar nan ban sani ba. To tunda ni ke mulki, a gaya wa mai ginin nan ya gyara min famfon banɗaki.”

Da abin ya tsaya a nan da sauƙi. Amma Defne ta yi hira da wata jarida, ta ce Madam Papatya ba ƙirƙira ba ce, akwai ta a Kurtulush tana ɗinkin amare. Telolin amare nawa ne a Kurtulush da za a ɓata wajen nema? Washegari motar tasha ta tare mana ƙofa.

Na ce mata kada ta yarda. Nejdet ma ya ce kada ta yarda, shi da ba ya sa baki a komai. Amma tana da abin da take son faɗa. A sanyin da ya wuce ƙawarta Gonul ta rasu, wadda aka aske su tare. Da ciwo ya tsananta aka kai ta asibiti, ta yini a kan gadon tura marasa lafiya a baranda ana gardamar ɗakin maza za a kai ta ko na mata, don ita ba ta taɓa samun canza katinta ba. Da ta rasu danginta suka ce ba su san ta ba. Mutanen da suka raka ta makabarta ba su cika mota ɗaya ba. Mujgan ta ce sa'anninta duk sun tsufa, ba 'ya'ya, ba dangi, gidajen tsofaffi ba sa son karɓarsu. So take a samu gida ko mai ɗaki uku ne inda za su ƙarasa kwanansu. Ta ce tunda ga su sun zo da na'urorinsu, bari ta faɗa ƙasa ta ji.

Tashoshi uku ta yi wa magana. Ta farko mai goyon bayan masu mulki ce, ta biyu ta 'yan hamayya, ta uku wata baturiya ce da tafinta. Kowacce sai da ta yini. Ni na riƙa hawa da shayi, na ji da kunnena tana ba su labarin Gonul tun daga jirgin ƙasa har baranda.

Ta farko ta nuna ta cikin duhu, an dusashe fuskarta kamar ɓarauniya, ana kaɗa wani kiɗa mai ban tsoro. Suka nuna jajayen rigunan lalle a rataye, mai magana yana tambaya ko mun san hannun wa ke taɓa 'ya'yanmu mata a ranar da ta fi kowace daraja. Ta biyu ta sa goge mai sa kuka, ta nuna ta tana share ido. Ni na san share idon nan, hayaƙin sigarinta ne ya shige mata. Suka ce ga wadda al'umma ta murƙushe, alhali matar nan ko mahauci ba ya iya murƙushe ta a ciniki. Baturiyar kuwa ta sa aka kai ta jirgin ruwa, ta tsayar da ita a iska da ciwon gwiwarta, tana tambayarta yaya take ji da zama tsakanin gabas da yamma. Mujgan ta ce sanyi take ji. A cikin su ukun babu wadda ta ambaci sunan Gonul.

Daga nan iyayen amare suka fara zuwa karɓar yadinsu. Wadda ta fi ba ni haushi Saadet Hanim ce. 'Ya'yanta uku Mujgan ta yi wa kayan lalle, ga ta huɗu an yanka yadi. Ta tsaya a matakala tana murza hannu, tana cewa ita wallahi ba ruwanta, amma dangin ango sun gani a talabijin. Na leƙo na ce mata, Saadet Hanim, shekara ashirin kina hawa matakalar nan, yau kika sani? Ta ce ai sani daban, a nuna a talabijin daban. Mujgan ta naɗe mata yadin da kyau, har da zaren da ya rage, ta miƙa mata. Wata safiya kuma muka tarar an watsa baƙin fenti a ƙofar ginin. Ni da Nejdet muka kankare kafin ta sauko, amma ta ji warin.

Ta ɗaya ɓangaren kuma sai ga matasa. Suna zuwa rukuni-rukuni da gashi kala-kala, su ɗauki hoto a ƙofa, su shigo su sayi shayi ɗaya su zauna har la'asar. Uwarmu suke ce mata. Wata ta ce ta ɗauke ta hoto tana ɗaga hannu a dunƙule, Mujgan ta ce kafaɗarta ba ta ɗaguwa. Wata kuma, ba ta fi shekara ashirin ba, ta yi mata gyara a gabana. Ta ce kalmar da Mujgan ke kiran kanta da ita tsohuwa ce, yanzu zagi ce, ba a faɗarta. Mujgan ta dube ta sama da ƙasa ta ce, “'Yata, a kan kalmar nan aka aske min kai tun uwarki tana rarrafe. Ki bar min ita, na saba da ita.” Ba zan yi musu ƙarya ba, a cikinsu akwai wata mai karatun lauya, Jeyda, da ta zauna ta saurari labarin Gonul har ƙarshe, ta kuma dawo.

Ana saura kaɗan zaɓe wata tasha ta gayyace ta shirin muhawara na yamma, kai tsaye. Na ce Abla, ba ki gaji ba? Ta ce wannan daban ne, abin da ake watsawa kai tsaye ba a sa masa almakashi. Ta ɗinka wa kanta riga da siket ruwan toka, ba ado ko ɗaya, ta ce kada su samu abin kallo. Suka aiko mota.

Gidan abincinmu ya cika, har mai gidan burodi ya rufe shagonsa ya zo. Aka zaunar da ita a ƙarshen tebur. Mai gabatarwa ta yi mata maraba, abu na farko da ta nema shi ne ta faɗa wa masu kallo maganar nan da bakinta. Mujgan ta ce ba awo ta zo ba. Sai farfesan nan mai furfura ya karɓe, wani marubucin jarida ya tare shi, suka kaure. Sau uku na ji ta fara, “Ina da wata ƙawa, Gonul,” sau ukun ana take ta. Ɗaya yana nuna ta da yatsa yana cewa ga haɗarin, ɗayan yana nuna ta yana cewa ga abin alfaharin, babu wanda ya kalli fuskarta. Can mai gabatarwa ta ce akwai baƙo na musamman, sai ga ɗan barkwancin nan da gashinsa ruwan ɗorawa, ya shigo yana rangwaɗa, ya rungume ta ta baya. Ta zauna cak, hannuwanta a kan cinya. Aka tafi talla.

Da aka dawo kujerarta babu kowa. Mai gabatarwa ta ce baƙuwarsu ta fita ba sallama. Na ɗauka za su ji kunya su sauya magana, ashe abinci suka samu. Farfesa ya ce ta gudu ne don ba ta da amsa. Marubucin ya ce fitarta ita ce magana mafi ƙarfi da aka yi a ƙasar nan cikin shekara goma. Aka riƙa nuna kujerar kusa-kusa. Aka kira wata masaniyar halayyar ɗan adam ta waya ta fassara yadda ta ɗora hannu a cinya. Shirin dogo ne, tashar kuma ba ta da nisa da mu, suna cikin wannan sai ga Mujgan ta turo ƙofa, takalmanta a hannu, ta hawo bas. Ta ja kujera ta zauna, ta ce in ba ta shayi mai kauri. Ta ɗaga kai ta kalli bango na ɗan lokaci, sannan ta ce wa Nejdet, “Ƙara murya, in ji me nake nufi.”

Aka yi zaɓe, waɗanda suka ci suka ci. Kafin wata ya zagayo mazan nan biyar sun koma musu a kan tsadar albasa, wasan kwaikwayon ma aka daina. Ba wanda ya sake kira.

Wata ranar Talata da hantsi wata tsohuwa ta shigo min, gajera, da ɗankwalin ƙauye da jaka mai nauyi. Ta tambaye ni ko nan ne gidan telar da aka nuna a talabijin. Na ɗaure fuska, don na gaji da masu tambayar nan. Sai ta ce sunanta Zekiye, daga Tokat take, jikarta ce ta nemo mata unguwar. Ta ce ita ba ta gane fuskar ba, zaman ta gane. Haka mahaifiyarsu, ita da Mujgan, ke zama idan ranta ya ɓaci, hannuwa a cinya, baki a rufe.

Na raka ta sama. Mujgan ta buɗe ƙofa da tef ɗin awo a wuya. Fiye da shekara arba'in rabon da su ga juna. Na zaci kuka za a yi, sai tsohuwar ta fara faɗa tun daga bakin ƙofa. Ta ce me ya kai ta talabijin, yanzu a ƙauye ba ta iya zuwa gidan makoki sai an yi ta kallonta, kuma wannan rama ta mece ce, a Istanbul ba a cin abinci ne? Ta kira ta Tahsin, ta tsaya. Ta gwada Mujgan, bakinta ya ƙi. Sai ta ce, “Auta, karɓi jakar nan, hannuna zai cire.” A ciki akwai ganyen inabi da busasshen tuffa da man shanu.

Mako guda ta yi, kullum sai sun yi faɗa, ina jin su ta rufi. A kan sigari, a kan yadda ake naɗe ganyen inabi, a kan wanda ya kamata ya nemi wani tun farko. A ranar da za ta tafi ta gaya wa Mujgan inda aka binne mahaifiyarsu. Da kaka Mujgan ta hau bas ta je. Yayan nan da ya dake ta yana raye, ya aiko a gaya mata kada ta bi ta ƙofarsa, ba ta bi ba. Ta ziyarci kabarin, ta kwana biyu a gidan Zekiye, ta dawo da mura da buhun gyaɗar turawa. Na tambaye ta yaya ƙauyen, ta ce ya ƙanƙance.

Amare sun dawo, amma ba duka ba, kusan rabi. Saadet Hanim ta kai yadinta wani wuri aka ɓata mata, ta kuma ji kunyar dawowa, yanzu idan ta hango mu sai ta tsallaka titi. Gidan tsofaffin ba a samu ba. Jeyda ta zama lauya, tana ta bin ofisoshi a kan maganar, kowane ofis yana tura ta na gaba. Da Mujgan ta ga abin ba na kusa ba ne, sai ta kwashe yadudduka daga ɗakinta na baya ta sa gadaje biyu. Yanzu akwai tsofaffi biyu a wurinta, Nalan da ba ta gani sosai da Birsen mai ciwon suga. Ni ke aika musu miya da rana, ta Birsen daban. Nalan tana waƙa da safe, tsofaffin waƙoƙin gidajen rawa, murya kamar ta rago, Nejdet yana ta ƙorafi wai tana kore masa masu karin kumallo. Mai ginin da muke haya ya ce ginin ya tsufa, mai yiwuwa a rushe shi baɗi. Ban gaya musu ba tukuna, ina jiran in ji tabbas.